Gudun Fanfalaki a Lokacin Zafi: Jan Hankali ga Masu Manyan Shekaru

Tun daga shekarar 2016 da aka fara gudun fanfalaki na birnin Legas, sha'awar wannan wasa ta ƙaru a ƙasar nan, har ma akan ga magidanta da suka haura shekara 50 suna shiga. Wannan abin yabawa ne. Sai dai ya kamata jama'a su sani cewa tsawon tseren kilomita 42 ne da mita 195, kuma a ƙasa irin tamu zafin rana ya fi nisan hanyar hatsari.

A watan Satumba na 2019 an gudanar da gasar duniya a birnin Doha na ƙasar Katar. Saboda tsananin zafi, sai da dare ya raba aka fara tseren mata, amma duk da haka cikin 'yan wasa 68 da suka tashi, 40 ne kacal suka kai ƙarshe. Waɗannan kuwa ƙwararru ne masu jini a jika. To, ina ga dattijon da sai ranar Asabar yake samun motsa jiki?

Dalili shi ne, jikin ɗan Adam da gumi yake sanyaya kansa, yana kuma tura jini zuwa fata domin zafi ya fita. Idan shekaru suka ja, gumin yana raguwa, zuciya ba ta harba jini kamar da, sannan mutum ba ya saurin jin ƙishirwa ko da ruwan jikinsa ya ragu. Bugu da ƙari, wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wasu kuma suna rage bugun zuciya. Don haka duk mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ya ga likita kafin ya ba da sunansa, kuma kada ya daina shan magani da ra'ayin kansa.

Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 na atisaye kaɗan-kaɗan kafin ya saba da zafi. A ranar tsere a sa tufafi marasa nauyi masu haske, a rage sauri tun daga farko, a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai. A nan ne mutane da yawa suke kuskure: ɗirkar ruwa zalla fiye da kima yana rage gishirin jini, kuma hakan yana iya kisa. Mai azumi kuwa ya haƙura da dogon gudu da rana.

Idan aka ga mai gudu yana tangaɗi, ko yana sambatu, ko ya kasa gane inda yake, mai yiwuwa zafin jikinsa ya wuce digiri 40. Kada a tsaya jiran mota. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, ana yi masa fifita, sannan a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Ana kuma jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an wasanni masu shirya irin wannan tsere da su guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a yawancin garuruwan Arewa. Hunturu ya fi dacewa, kuma a tashi da zarar an idar da sallar Asuba. A tanadi ruwa aƙalla a kowace kilomita 5, da ƙanƙara, da motar ɗaukar marasa lafiya, a kuma ba ma'aikatan lafiya ikon fitar da duk wanda suka ga ya galabaita, ko da kuwa mai sarauta ne.