Tafiya a Ƙasa da Lafiyar Jijiyoyin Jini

Zuwa ga Hakimai da malaman ofisoshinsu a ƙasar Dutse.

Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi Allah ya yi su da laushi kamar sabuwar roba. Duk sa'ad da zuciya ta buga sai su buɗe, sa'an nan su komo yadda suke. Shekaru suna rage wannan laushi a hankali, amma yawan gishiri da maiƙo da sukari suna gaggauta abin. Idan jijiya ta ƙandare, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi. Daga nan ake samun hawan jini, wanda yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, kuma sau da yawa ba ya ba da wata alama tukuna.

A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya gwada direbobin bas na Landan da kwandastocinsu. Ya tarar direbobi, waɗanda ke wuni zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya bisa ga kwandastocin da ke ta hawa da sauka a matakalar motar. Wannan magana ta shafe mu. A dā Hakimi kan yi rangadi bisa doki, malaminsa kuwa ya taka zuwa ofis. Tun da Dutse ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991 aikin tebur ya yawaita, mota da babur sun ɗauke tafiya, ga soyayyen nama da lemon kwalba a kowace walima. Manomin Kiyawa ko na Jahun bai rasa motsi ba, mai biro da kujera shi ke cikin haɗari.

Ga yadda tafiya ke aiki. Idan mutum ya yi sauri, jini yakan gudana da ƙarfi yana gogar bangon jijiya daga ciki, sai bangon ya fid da wani sinadari mai saki jijiyar ta buɗe. In aka dawwama a kai wata biyu ko uku, taurin yakan ragu, ko ga mai ƙiba. In kuwa aka bari, amfanin yakan tafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin sa'a kwana 5. Tafiyar ta zama mai ɗaga numfashi, amma ba ta hana magana ba, kuma bayan Asuba ko La'asar sakaliya ta fi sauƙi saboda rana. Kada wani ya ce kwarjininsa zai ragu don an gan shi a ƙasa.

Lalle a sani tafiya ba ta wanke gishiri duka. Ƙa'ida ita ce kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da na cikin dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya. Sai a gaya wa uwargida.

Wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri, ko aka taɓa auna jininsa ya kai 140 bisa 90, ya fara ganin likita a asibitin Dutse ko na Birnin Kudu kafin ya soma. Ana roƙon Hakimai su isar da wannan ga dagatai da masu unguwanni.