Ko Ka Sani? Injin Ban Ruwan Jazira Ba Ya Shan Mai

Ko ka san cewa a ƙasar Sudan akwai tsarin ban ruwa da aka gina domin shayar da gonaki fiye da fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin fili ne a can), kuma gangaren ƙasa ne ke tura mafi yawan ruwansa? Shi ne aikin noman Jazira, wanda ya kankama a 1925 da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a kan Shuɗin Nilu. Garin Mai Wurno yana kudu kaɗan da madatsar, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausawa da Fulani sun zubar da gumi sosai a gonakin audugar yankin.

Ruwa na fitowa daga madatsa ya bi babbar tur'a, wato magudanar ruwa, ya rabu zuwa matsakaita, sannan ƙanana. Daga nan ya faɗa lambatun da manoma ke kira Abu Ishrin, ya wuce Abu Sitta, ya shiga hawasha, wato gonar manomi. A tsarin asali mahaɗun tur'o'i suna da ƙofofi, akwai kuma gafir, wato mai gadi, da ke juya su, ya ɗaga ko ya sauke.

To, wa ke faɗa wa madatsa yawan ruwan da za ta saki? Buƙata daga ƙasa take tashi. A tsarin asali, mufattishi, wato jami'in duba gonakin yanki, shi ke ƙirga nimrori (rukunonin gonaki) da za su sha ruwa, ya miƙa wa injiniya lissafinsa kowane mako. A haɗa na wannan tur'a da na waccan, jimla ta yi ta hawa har Sinnar. Idan mutum ɗaya ya kuskure, gonar ƙarshen layi ce ke kwana da ƙishi.

An kuma yanka ma'auni na dindindin: nimra ɗaya fadan 90 ce, tana shan ruwa bayan kowane kwana 14. Da dare a rufe bututun gona, ƙaramar tur'a ta tara ruwa kamar randa, da safe a buɗe. Amma idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, nan take ake aika saƙon a rage, domin laka ce ƙasar Jazira, ruwa na kwanciya ya kashe shuka.

Daga baya taɓon da kogi ke kwasowa daga tsaunukan Habasha ya cike tur'o'i da yawa, manoma suka koma barin bututu a buɗe dare da rana. Dokar 2005 ta ba kowa damar shuka abin da ya zaɓa, lissafin buƙata ya ƙara wuya.

Mai noman rani a Kadawa ko Bakolori, ka riƙe wannan: ka san ma'aunin gonarka, ka faɗi buƙatarka daidai, in sama ta zubo ka rufe ƙofa domin na bayanka ya samu.