Hoton taurari: Abin da ya kamata a duba kafin sayen mazaunin teleskof

Yawancin masu sha'awar ɗaukar hoton sama suna zuba kuɗinsu a kan teleskof, sai abin da ya rage su sayi ƙafar da za ta riƙe shi. Sakamakon ba ya ɓuya: taurari su fito kamar an ja layi da alli. Laifin yawanci na mazauni ne, wato kan da ke tsakanin ƙafafu uku da teleskof, wanda ke juya shi.

Duniya tana juyawa kusan digiri 15 a kowace awa. Ido ba ya lura, amma kyamarar da aka bari a buɗe na daƙiƙa 30 tana kamawa. Aikin mazauni shi ne ya bi wannan tafiya ba tare da rawa ba.

Nau'i biyu ne a kasuwa. Na farko ana kiransa alt-az, yana motsi sama da ƙasa, hagu da dama. Ya fi araha, ya fi saukin ɗauka. Wanda burinsa ya manna waya a bakin teleskof ya ɗauki Wata ko zoben Satun, wannan ya ishe shi, domin abubuwa ne masu haske da ake kamawa cikin ƙiftawar ido. Matsalarsa tana bayyana ne a dogon ɗauka: ko da yana da injin bin tauraro, hoton yakan karkace a hankali, taurarin gefe su zama baka-baka. Ƙananan na'urori irin Seestar S50 na kamfanin ZWO, da ake sarrafawa da manhajar waya, suna kauce wa wannan ta hanyar ɗaukar gajerun hotuna na daƙiƙa 10 su haɗa su.

Na biyu shi ne ikwatoriyal. Ana saita sandarsa ɗaya ta fuskanci tsakiyar juyawar sama, kusa da tauraron Polaris, daga nan inji ɗaya ya wadatar. Shi ne na masu neman gajimaren Oriyon ko Kaza da 'Ya'yanta da shuɗin hasken da ke kewaye da su.

A nan ne mazauna ƙasar Hausa ke da abin lura da tallan kamfani ba ya faɗa. Tsayin Polaris daga ƙasa daidai yake da latitud ɗin wurin. A Landan ya haura digiri 51, a Kano kuwa kusan digiri 12 ne kawai, Abuja kusan 9. Katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya na iya tare shi, hazon hunturu kuma ya haɗiye shi gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, wasu mazaunan ba sa sunkuyawa ƙasa sosai. Ƙarfen daidaita nauyi sai ya riƙa dukan ƙafa. Saboda haka a duba mafi ƙarancin latitud da aka rubuta a takardar bayani kafin a biya, a kuma fifita wanda manhajarsa ke iya saiti ba tare da ganin Polaris ba.

Sai batun nauyi. Star Adventurer 2i na Sky-Watcher yana ɗaukar kilo 5, EQ6-R Pro kilo 20. Waɗannan iyaka ce ta ƙarshe. Masu gogewa ba sa wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku idan hoto za su ɗauka, kuma a lissafin har da kyamara, maƙalin waya da wayoyin haɗi. Ƙaramin teleskof a kan mazauni mai ƙarfi ya fi babba a kan mai rawa.

Wuta ma abin tambaya ce, tunda wurin da sama ta fi duhu galibi bayan gari ne. Manyan mazaunai suna buƙatar batir mai bolt 12, yayin da Star Adventurer ke aiki da batiran AA huɗu ko fawabank ta USB, irin wanda ake cajin waya da shi.