CIWON KWATANGWALO: TUN DAGA ƘURUCIYA YAKAN FARO

'Yan'uwa manoma, a kowace ƙungiya akan sami dattijo ɗaya ko biyu da ba sa iya sunkuyawa da fartanya saboda ciwon kwatangwalo. Mukan ce tsufa ne. Tsufa yana da hannu, amma sau da yawa tushen abin yana can baya, tun mutum yana yaro.

Kan ƙashin cinya a dunƙule yake kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani rami a ƙashin ƙugu. Guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su duka biyu domin su juya ba gogayya. A wajen waɗansu mutane kan ƙashin bai dunƙule sosai ba, yana da tudu a gefe ɗaya. A wajen waɗansu kuma bakin ramin ne ya zarce ya rufe kan ƙashin fiye da kima. To, duk lokacin da irin wannan mutum ya tsuguna ko ya sunkuya ƙwarai, sai ƙashi ya bugi bakin ramin. Wanda ya taɓa jan amalanke mai lanƙwasasshiyar ƙafa ya san yadda wuri ɗaya ke cinyewa. Haka guringuntsin ke sudewa shekara da shekaru, har ƙashi ya riƙa goga ƙashi. Wannan shi ne amosanin gaɓa. Wani likita mai suna Ganz da abokan aikinsa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan su ne suka bayyana wannan a fili a 2003.

Tudun nan yakan fito ne lokacin balaga, sa'ad da ƙashi bai gama girma ba, musamman ga samari masu yawan wasanni masu ƙarfi irin su ƙwallo. Ba duk mai shi ne ke yin ciwo ba. Amma aikinmu yana ƙara wa gaɓar nauyi. A Ingila ma tun 2005 hukuma ta sa amosanin kwatangwalo cikin cututtukan da aiki ke jawowa ga wanda ya yi shekara 10 yana noma.

Alamar farko ita ce ciwo a matsematsi, ba a baya ba, bayan doguwar tsuguno ko zama a kan kujera 'yar tsugunno. Daga baya sa takalmi da hawa keke sukan gagara.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 16 da ya fara ɗingishi ba tare da ya faɗi ba, ko da gwiwa yake kuka da ita, mai yiwuwa kan ƙashin cinyarsa ne ya zame. Kada a kai shi wurin maɗori a ja ƙafar, kada kuma a bar shi yana takawa. A kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Haka nan mai sikila, domin jini yakan kasa kaiwa kan ƙashin har ya lotse. Iyayenmu mata kuwa su ci gaba da goyo. Buɗewar ƙafafun jariri a bayan uwa tana taimaka wa ramin ya ginu daidai.

Guringuntsin da ya sude ba ya dawowa, ƙaho ma ba ya mai da shi. Wanda ciwon ya riga ya kama, ya sa wa fartanyarsa doguwar ƙota, ya raba buhu biyu kafin ya ɗauka, ya zauna a kujera mai tsayi. In zai riƙe sanda, ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwon ba. Kwanciya kullum tana ƙara sandarar da gaɓar, saboda haka ya riƙa tafiya kaɗan kaɗan. Shugabannin ƙungiya kuma, in an zo rabon garmar shanu bana, a fara da gonakin irin waɗannan 'yan'uwa.