Wai Mata Ba Sa Iya Aiki Tare?

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta daɗe a bakinmu har ta kusa zama karin magana: wai in ka haɗa mata a wurin aiki ɗaya, ka haɗa rigima. Ana faɗarta in za a naɗa shugabar makarantar firamare, ana faɗarta a asibitin ƙauye, ana faɗarta a kwamitin ikkilisiya in za a danƙa wa mata hidimar da akwai kuɗi a ciki. Su kansu matan sukan ce, "Ni gara in yi aiki a ƙarƙashin namiji." Maganar kuwa tana da tsada, gama da ita ake hana mace muƙamin da ta cancanta, tun ba ta yi laifin komai ba.

Bari mu auna ta da abin da ido yake gani a wuri guda. Mu ɗauki Tsanyawa, a arewacin jihar Kano, kan hanyar Katsina in an wuce Bichi. Ƙasa ce ta manoma, gona na jingine da gona. Da kaka ta yi, aikin da ke biyo bayan girbi yawancinsa na mata ne, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne: sussuka, sheƙa, ɓarar gyaɗa, matsar mai, tuyar ƙuliƙuli. Duk wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san cewa in ɗaya ta saɓa wa 'yar'uwarta da ƙiftawar ido, taɓare za su yi karo. Ga kuma adashi. Mata goma ko ashirin suna zuba kuɗinsu a hannun uwar adashi, babu takarda, babu lauya, kowacce ta jira ranar kwasarta. Da rashin jituwa halittar mata ce, da adashi bai kai mako biyu ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda mata ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu, suna saye da sayarwa a tsakaninsu ta hannun yara. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, cike yake da zancen ƙawance da biki, wato yadda mace ke kai wa ƙawarta gudummawa ran suna ko aure, ita ma a mayar mata in nata ya zo.

A aikin zamani ma haka ne. Rigakafin shan inna gida-gida mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyinsa a ƙauyukan Kano, domin su ne ke iya shiga inda aka ce wa namiji ba shiga. Ƙungiya-ƙungiya suke fita, wannan na ɗiga magani, waccan na rubuta lissafi, cikin rana da ƙura, wani lokaci da zagi. A 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a jihar Kano, a watan Agusta na 2020 kuma aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ita.

To, daga ina maganar ta fito? A ganinmu daga cikin gida ta fito. Harshenmu ya sa wa abokiyar zama suna kishiya, tatsuniyoyinmu cike suke da bora da mowa, har matan wa da ƙane ma an ce suna kishin sauri. Ko mu da ba ma auren mace fiye da ɗaya, da waɗannan labarai aka yaye mu. Amma mu lura da abin da ke haddasa kishin: miji ɗaya ne, rumbu ɗaya ne, kuma wani ne yake rabo. Ka sa maza biyu su jira awo daga hannun mutum ɗaya, ka ga ko za su kwana lafiya. Rigimar gado da ta iyakar gona da ke cika gaban dagatai, ai yawancinta ta maza ce.

Turawa ma suna da irin tasu. A farkon shekarun 1970 wasu masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka raɗa wa macen da ta hau sama tana danne na ƙasa da ita suna sarauniyar ƙudan zuma. Sunan ya kama baki, amma binciken da ya biyo baya ya rage masa ƙarfi. Belle Derks da Naomi Ellemers da abokan aikinsu sun yi nazarin manyan jami'an 'yan sanda mata a ƙasar Holan a 2011. Suka ga cewa nisantar sauran mata ya fi fitowa in an tuna wa mace irin wariyar da ta sha a wurin aiki, musamman wadda dama ba ta ɗauki kanta ɗaya daga cikin matan ba. Wato hanyar tsira ce a wurin da ake raina mata: "Ni ba irinsu ba ce."

Wani binciken ya fi taɓa mu, mu masu kallo. A 2013 Leah Sheppard da Karl Aquino a Kanada suka ba mutane labarin saɓani tsakanin manajoji biyu. Labarin ɗaya ne, sunaye kawai aka sauya. Waɗanda aka ba su sunayen mata biyu sun fi zaton cewa ba za a shirya ba, kuma aikin zai lalace. Ashe wani ɓangare na matsalar a idonmu yake. In malamai maza biyu suka yi sa-in-sa, mukan ce sun saɓa a kan jadawalin darasi. In mata ne, ba ma ko tambayar dalili, sai mu ce halin mata.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san misalin wannan. A wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, sura ta 4, Bulus ya ambaci mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka sami saɓani. Ya shaida cewa sun yi fama tare da shi a aikin bishara, ya roƙe su su daidaita, ya kuma nemi wani ya taimake su. Shi kansa Bulus, a Ayyukan Manzanni sura ta 15, ya yi gardama mai zafi da Barnaba a kan Markus har suka raba hanya. Ba mu taɓa jin mai wa'azi ya ɗauki wannan ya ce maza ba sa iya aiki tare ba. Zumuntar Mata kuwa, a ikkilisiyoyi da yawa ita ce ƙungiyar da taronta ba ya fashi, asusunta kuma ba ya bushewa.

Ba muna cewa mata ba sa faɗa a wurin aiki ba ne. Suna yi, wani lokaci da ɗaci, kuma akwai shugabar da ke ƙuntata wa na ƙasa da ita. Sai dai in aka bi sawun faɗan, sau da yawa a kan tsarin aikin ake tsayawa. A ƙaramin asibitin ƙauye da ma'aikata mata biyu ne kacal, in ɗaya ta tafi hutun haihuwa ba a kawo madadinta ba, duk karɓar haihuwar dare ta koma kan ɗayar, ita ma ga 'ya'yanta a gida. Haushin da ya kamata ya tafi wurin masu tura ma'aikata sai ya sauka a kan wadda ke kusa. Haka in kujera ɗaya tak aka ware wa mace a kwamiti, duk macen da ta taso ta zama barazana ga wadda ke kai. Majalisar Dattawa da aka zaɓa a 2023 mata 4 ne a cikin kujeru 109, Majalisar Dokokin Kano kuwa mai kujeru 40 babu mace ko ɗaya.

Ra'ayin jama'a kuma yana sauyawa in sun saba. Kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa a 1953, kashi 66 cikin 100 suka ce sun fi son shugaba namiji. Da aka sake tambaya a 2017, kashi 55 suka ce duk ɗaya ne a gare su.

Saboda haka in ƙarar ma'aikata mata biyu ta zo gaban dattawa ko hukumar makaranta, tambayoyin da za a fara da su su ne waɗanda za a yi wa maza. Wa ya raba aikin, kuma a rubuce yake? Nauyin wa ya ƙaru da aka rasa ma'aikaci? Wa yake kai maganar wannan wurin waccan? A makarantunmu da yawa za a tarar malamai matan su ne ke riƙe da ƙananan azuzuwa masu cunkoso, su ne kuma ake tura wa girkin baƙi ran taro, alhali ana rabon zuwa kwas a ofis ba su nan.