Agadez: Wa zai biya bashin wanda bai dawo daga hamada ba?

A Agadez, yawancin dukiya a kan hanya take: motar da ke zuwa Dirkou da Sabha, injin neman zinariya, kayan da aka karɓa bashi za a sayar a Arlit. Idan mai ita ya rasu ko kasuwa ta karye masa, iyalinsa kan wayi gari da masu bin bashi a ƙofar gida, babu wata takarda a hannu.

Garin ya ga irin wannan. Bayan an gano zinariya a Djado a 2014, matasa da dama sun ci bashi sun sayi injuna da motoci, sai gwamnati ta rufe wurin a 2017. Dokar 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure kuma ta sa an ƙwace motoci an ɗaure direbobi. An soke ta a Nuwamban 2023, amma sokewar ba ta yafe wa kowa bashi ba.

Bashi kafin gado

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda. A sha'anin gado kotuna na bin al'adar mutanen da abin ya shafa, kuma ga mafi yawan mazauna Agadez hakan na nufin fikihun Malikiyya, wanda shi ma alƙalin fadar Sarkin Abzin ke hukunci da shi.

Tsarin a fili yake. Za a fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba abin da ya rage. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa mai gado ita sai da yardar sauran magada. Mace na samun ɗaya cikin takwas idan mijin ya bar 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu idan bai bari ba.

Idan bashi ya cinye dukiyar, babu gado. Sai dai ba a tilasta wa 'ya'ya ko matar mamaci su biya ragowar daga aljihunsu, sai wanda ya tsaya masa lamuni. Kayan matar, kamar sadakinta da zinarenta, ba sa cikin abin da za a raba.

Wanda ya ɓace

Mafi wuya shi ne batun wanda ya shiga Ténéré ko Libiya aka daina jin ɗuriyarsa. A Malikiyya matarsa na kai ƙara, alƙali ya sa a bincika, sannan ta jira shekara 4, ta yi idda ta wata 4 da kwana 10. Idan bai bar abin ciyar da ita ba, tana iya neman a raba auren tun kafin nan.

Dukiyarsa kuwa ba a rabawa sai an tabbatar da mutuwarsa, ko ya kai shekarun da ake ganin sa'o'insa sun ƙare, wanda a mashahurin zance shekara 70 ne. Gidan ɗan shekara 30 na iya zama shekara 40 ba a raba shi ba. Wakilci a rubuce kafin tafiya na ba wani amintacce damar karɓar haya, biyan bashi da ciyar da yara.

Idan jari ya karye

A Amurka talaka na iya zuwa kotu a share masa bashi. Nijar tana bin dokokin kasuwanci na OHADA, masu aiki a ƙasashe 17, kuma dokar karyewar jari da aka sabunta a 2015 ta shafi kamfanoni, 'yan kasuwa da masu sana'ar kansu ne. Wanda ya kasa biyan basukansa yana da kwana 30 ya sanar da kotu. Daga nan ko dai a tsara masa biya don sana'ar ta farfaɗo, ko a sayar da kadarorinsa a raba wa masu bin sa. Akwai kuma hanyar sulhu tun kafin a kai ga haka.

Fikihu ma ya san mufallashi: alƙali na hana shi taɓa dukiyarsa, a raba ta gwargwadon abin da kowa ke bi. Wanda ya tarar da ainihin kayan da ya sayar masa yana iya ɗaukar abinsa, amma idan mai cin bashin ya riga ya rasu, sai ya shiga layi da sauran.

Abin da za a yi tun da rai

Buzayen Abzin sun daɗe suna ware wa 'ya'ya mata dabbobi ko dabino tun iyaye na raye. Kyauta irin wannan tana tsayawa ne idan wanda aka ba ya karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali ko bashi ya rufe shi.

Ga 'yan ci-rani da ke turo kuɗi ta Nita ko Amana ana gina musu gida, takardar fili ta fito da sunansu. Gidan da ke da sunan yaya ko kawu, masu bin wannan bashi na iya kama shi, kuma magadansa na iya cewa nasu ne.

Kowane bashi a rubuta shi da shaidu biyu, a ajiye kwafi a gida. Bayan rasuwa, takardar shaidar mutuwa daga ofishin magajin gari da takardar magada daga kotu su ne banki zai nema kafin ya saki ko dala.