Daga Kura zuwa Dala: wa zai ɗora ƙashin manomi?

Da zarar noman rani ya kankama a Kura, Bunkure da Garun Malam, hanyar Kano zuwa Zariya sai ta ɗauki zafi. Babura na rige-rigen kai kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan, manyan motoci na jidar shinkafa. Albarkar madatsar Tiga ke nan, wadda aka kammala a 1974. Sai dai a cikin wannan hada-hada ne ƙafafu ke karyewa, belin injin casa ke fizgar hannu. Manomin da ya karye a watan Janairu asara biyu ya yi, domin shukarsa ba za ta jira ya warke ba.

Yawanci wurin mai ɗori ake fara kai shi. Yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, ga shi an san gidansu tun kaka da kakanni. Targaɗe da 'yar tsagewa sukan warke a hannunsa. Inda gizo ke saƙa shi ne karayar da ƙashi ya huda fata, ko ɗaurin da aka tamke har jini ya daina gudana. Kwana kaɗan nama ya fara ruɓewa, a garzaya Asibitin Ƙashi na Dala a makare, wani lokacin ba abin da ya rage sai yankewa.

Shi kansa Dala haɗin gwiwa ne ya raine shi. An buɗe shi a 1959, kuma a shekarun 1960 babban asibitin ƙashi na Landan ya riƙa turo matasan likitoci Kano bi da bi. Baƙin sun daɗe da komawa gida. Abin da ya tsaya shi ne asibitin, wanda gwamnatin tarayya ta karɓa kamar na Igbobi a Legas da na Inugu, yau kuma 'yan ƙasa ne ke horar da 'yan ƙasa a cikinsa. A nan ya bambanta da tawagar da kan sauka da akwatunanta, ta yi tiyata kyauta mako guda, a ɗauki hotuna, ta tashi. An gode mata, amma in ciwon ya yi ruwa bayan wata guda, wa za a nema?

Akwai dabarun da suka fi irin wannan ziyara ɗorewa. A 1999 wani likitan Amurka, Lewis Zirkle, ya kafa ƙungiyar SIGN, mai ƙera sandar ƙarfe da ake zurawa cikin ɓargon cinya ko ƙwauri ta riƙe ƙashi. Hikimarta ita ce ana iya sa ta ba tare da na'urar hoton ƙashi ta ɗakin tiyata ba, na'urar da ga tsada ga cin wuta. Kyauta ake ba asibiti ƙarafan, da sharaɗin likita ya aika bayanin kowace tiyata da hotunanta a duba, sannan a sake turo masa wasu. Asibitocin koyarwa a Ile-Ife da Ogbomosho sun yi aiki da ita. Maimakon makonni a kwance da nauyi rataye a ƙafa, majinyaci kan tashi da sanda cikin kwanaki.

Malawi kuwa, da ta ga ba ta da likitocin ƙashi, tun 1985 ta fara ba jami'an lafiya horon wata 18 kan ɗori, sa filasta da wanke rauni, ta rarraba su asibitocin gundumomi. A Ghana ma ƙungiyar AO Alliance ta zauna da masu ɗorin gargajiya, tana koya musu gane karayar da ta fi ƙarfinsu.

Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya ce mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya. Ya kuma kafa ma'auni: a iya isa cikin awa 2 asibitin da ke yin tiyatar haihuwa, buɗe ciki da gyaran karayar da ta huda fata. Daga Kura zuwa Kano kusan kilomita 30 ne, saboda haka nisa ba shi ne babban cikas ba. Kuɗin ƙarfe ne, da layin jira, da tsoron a ce za a yanke.

Don haka duk wanda zai kawo tallafi yankin nan, ya fi kyau ya fara da asibitocin Kura da Bunkure: jami'in da ya iya wanke rauni da yin ɗaurin farko, na'urar hoto mai wutar sola, da lambar waya guda da mai ɗori zai buga wa Dala ran da ya ga yatsun majinyaci sun yi sanyi sun fara baƙi.